Kauɗar da Ta Hana Ni Sayar da Fadama

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bakin kogin Haɗeja, ni da taubashina, ɗan kawuna da ke tuƙa motar kamfanin masu shimfiɗa kwalta a Kano. Kayana kwando biyu ne na tumatir, sai ƙullin kauɗa, wato tumatirin da muke yankawa mu shanya, wanda mai ɗakina ta ɗaure min in kai wa matarsa tsaraba.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Farin shekarun baya ya cinye min shanu da jaki, ya bar ni da fadamar da na gada. Bana kowa ya yi tumatir, a kasuwarmu sai ka roƙi mutum kafin ya taya. Na riga na yanke shawara, in ban sami mai sayen tumatir a birni ba, zan sayar da fadamar in tafi gadi kamar sauran. Mai sayen fadamar ma yana nan, wani Alhaji ne da ya sami kwangila. Taubashina ya ce in dakata, akwai wata Baturiya 'yar Italiya mai gidan abinci a Sabon Gari, inda iyayen gidansa ke ci, kullum kukanta rashin tumatir mai kyau.

Babbar mota muka hau. An fara loda kwandunana, aka bi su da buhunan barkono, aka kawo wata mata mai jiki ta zauna bisa buhunan. Na yi magana, direba ya ce in ban so in sauka. Ban sauka ba. Hanya rabi kwalta ce sabuwa fil, rabi kuwa gargada, ko'ina katafila na ture ƙasa. A Ringim muka tsaya, na sayi ƙosai, aka ba ni guda uku a kuɗin da bara ake ba da shida. Mai ƙosan ta ce, "Kuɗin mai ne ya zo, Malam." Na duba aljihuna, ban ga ya zo ba.

Da la'asar muka shiga Kano. Rabona da ita tun kafin yaƙin basasa. Yanzu babura sun fi jakuna yawa, kowane saurayi da wando mai faɗin ƙafa yana share titi, da rediyo a kafaɗa. Wajen tashar jirgin ƙasa buhunan siminti ne jibge, an ce duk na gina benaye ne. Muka sauka a Fagge, gidan da taubashina ke haya. Matarsa ba ta nan, ta tafi wankan jego gidan iyayenta, don haka ƙullin kauɗa ya zauna a buhuna na ratayawa. Ni kuwa ba na barin buhuna a gidan haya. Duk inda na sa ƙafa yana kafaɗata.

Tunda babu mai girki, ya ja ni gidan abincin wani Bakware, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, da ke bayan kantunan atamfa. Tsoho ne mai tumbi, Hausa a bakinsa kamar haifaffen Fagge. Aka jero mana 'yan kwanoni kamar na wasan yara: wani wake niƙaƙƙe da man riɗi, wani ganye yankakke da lemun tsami mai kama da kwaɗonmu, gauta gasasshe, da wasu 'ya'yan itace baƙaƙe masu gishiri da suka ce zaitun ne. Gurasarsu falan-falan, ba kamar ta Kano ba. Na ce a raina rowar mutanen nan ta kai. Na sa gurasa na sharce kwanonin tas, har da zaitun ɗin, wanda ɗacinsa ya kusa mayar da ni gida. Na sha ruwa na yi hamdala. Sai ga tire na gasasshen nama da shinkafa.

Taubashina ya ce, "Bawana, wancan gaisuwa ce. Yanzu za a ci abinci."

Na ce, "Ubanka ne bawa. Miƙo tiren."

Wanda ya taɓa kwana uku da ruwan kanwa a ciki ba ya mayar da nama. Na ci har numfashi ya yi min wuya. Da aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, na yi wa Bakwaren tallan tumatir. Ya ce yana da mai lambu a nan kusa, kullum da safe ake tsinko masa. Ƙofa ɗaya ta rufe ke nan.

Da gari ya waye na buɗe kwanduna. Na ƙasa duk sun fashe, ruwa na bin ƙasa. Na tsince masu rai, kwando biyu suka koma ɗaya. Na yi abin da kowane ɗan kasuwarmu yake yi, manya jajaye a sama, masu rauni a ƙasa. Muka ɗora a amalanke sai Sabon Gari.

Gidan abincin ba babba ba ne. Tebura da farin ƙyalle, fanka na juyawa, ƙanshin tafarnuwa tun daga titi. Ta ƙofar baya muka shiga. Kukun ɗan ƙabilar Ibo ne, a Sabon Gari aka haife shi, ya gudu lokacin rikici, ya dawo bayan yaƙi. Ya dube ni na dube shi, kowa ya gane ɗan'uwansa ya ga abin da ya gani. Shi ya zama tafinta. Baturiyar gajera ce, furfura ta fara, kowa Madam yake ce mata. Ba ta ko dubi na saman ba. Ta kama kwandon ta kife shi bisa tebur. A garinmu wanda ya yi maka haka faɗa yake nema. Asirina ya bazu a fili, har da ƙuda.

Ta yi magana. Kukun ya ce, "Ta ce tumatirin mai kyau ne, amma hanyarku ta yi nisa. Kullum haka zai iso."

Gaskiya ta faɗa, ban musa ba. A tsaye a wurin na fara tunanin irin sandar da masu gadi ke riƙewa.

Amma ta ce ba za mu tafi da yunwa ba, tunda taubashina direban mutanenta ne. Aka zaunar da mu a teburin kusa da kicin. Na tambayi kukun ko akwai alade a ciki. Ya ce, "Malam, shekara nawa ina dafa wa Alhazai? Naman sa ne, a kasuwar nan na sayo da hannuna." Aka kawo taliya dogaye da jar miya, an barbaɗa cuku mai warin daddawa. Taubashina yana naɗe ta a cokali mai yatsu kamar an haife shi da shi. Ni in na ɗebo, kafin ta kai baki ta koma kwano. Sau uku. Na ajiye cokalin, na wanke hannu, na yi bisimilla. Turawan teburin gaba suka juyo, na gaishe su da kai.

Madam ta zo ta tsaya, ta ce a tambaye ni ya abincin. Na ce taliyar ta yi, miyar kuwa ƙarfe-ƙarfe take yi. Taubashina ya taka min ƙafa. Kukun ya ce tumatirin gwangwani ne, shi ake samu kullum. Na kwance ƙullin da ke buhuna na ce masa, "Da wannan ka jiƙa ka niƙa, da ta fi haka."

Taubashina ya ce ƙasa-ƙasa, "Rufa mana asiri, kai. Abincin lokacin fari za ka nuna wa Bature?"

Kafin in mayar, Madam ta riga ta sa hannu. Ta shinshina. Ta gutsura ta tauna. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta yi ta magana, kukun na bi. Ashe a ƙauyensu haka kakarta ke yi, ta tsaga tumatir biyu, ta barbaɗa gishiri, ta shanya a soro. Bayan nasu yaƙin, da shi da busasshen burodi suka rayu. Ta ce tunda ta zo ƙasar nan take aikawa a kawo mata daga gida a kwalba, ba ta san ana yi a nan ba, don ba wanda ya taɓa kawo mata. Wa zai kawo? Mu a wurinmu kauɗa abin da kasuwa ta ƙi ne.

Ta shiga kicin da kanta. Ta jiƙa shi a ruwan zafi, ta zuba man zaitun da tafarnuwa da wani ganye, ta kawo a faranti da burodi. Har teburin Turawan ta kai. Na ga wani injiniya mai jan wuya yana lumshe ido a kan kauɗar mai ɗakina. Na ɗanɗana. Kauɗarmu ce dai, sai dai ta sha mai.

Ta gindaya sharuɗa. Ƙanana dogaye take so, waɗanda muke ba awaki. A tsaga a tsaye, a sa gishiri, a shanya bisa rumfa ba a ƙasa ba, don ta tauna yashi sau biyu. Buhu ɗaya duk wata, taubashina zai riƙa tahowa da shi. Kuɗin da ta faɗa ban roƙi ƙari ba. Taubashina da ya ce in rufa masa asiri shi ya fi kowa cin farantin.

Washegari na hau mota ni kaɗai, babu kwando, na zauna bisa buhun wani. Abin da na koyo ba shi da yawa. A gidan Kwara kada ka ƙoshi da gaisuwa. Wurin 'yan Italiya kada ka ɓoye komai a ƙasan kwando. Sannan yunwa ta zaga duniya, kuma duk inda ta je dabara iri ɗaya ta koya wa mutane.

Da na isa gida mai ɗakina ta tambaya ko tsarabarta ta isa. Na ce ta isa, har Turawa sun ci. Ta ce in daina yi mata ba'a. Da yamma Alhajin ya zo jin maganar fadama, ya same ni ina kafa rumfa. Ya ce ta mece ce. Na ce ta shanya ce, kuma ya matsa, yana tare min rana.