Waƙar Dashen Gwaggo Hanne

Ranar wata Alhamis ce a farkon daminar da na shiga aji shida. Ina wanke kwanuka a tsakar gida, Baba yana gyaran ƙotar fartanya a gindin darbejiya, rediyonsa na rataye a reshe, sai aka katse shiri aka sanar da rasuwar wani babban mawaƙi. Baba ya ajiye fartanyar ya ce, "Allah ya jiƙan rai. Bana dai ana ta kwashe su." Kafin shi an yi rashin wata marubuciya da ake karanta littafinta da hantsi, wanda Umma ke sauraro tana turara shinkafa, an kuma rasa wani dattijon ɗan wasan kwaikwayo da ko tari ya yi sai mutane sun yi dariya. Abin da na lura da shi shi ne, duk wanda aka sanar da mutuwarsa, sai a yini ana sako muryarsa. Mutum ya tafi, amma yana ta magana a tsakar gidanmu.

A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, mu ma muna da tamu mawaƙiyar. Gwaggo Hanne, yayar Baba, ita ke bayar da waƙa idan tsofaffin mata sun fita dashen shinkafa, sauran suna amshi. Nan take take ƙirƙirar baiti. Ta saka sunan wadda ta makara, ta saka tumaturin da ya ruɓe a kwando yana jiran mota, ta saka mai gonar da kununsa ya yi tsululu. A shekarar nan tari ya kama ta, har takan dafa bango kafin ta ƙarasa ɗakinta. Ina cuɗa kwanon nan wani tsoro ya shige ni: idan ita ta tafi, me za a sako?

Na roƙi Yaya Sani, wanda ke aiki a injin casa a Kura, ya ara mini wayarsa. Bayan la'asar na sami Gwaggo tana tsinkar zogale, na ce ta yi mini waƙa in ɗauka. Ta yi dariya har tarin ya taso. "Ke 'yar boko, waƙar dashe a kan tabarma? Sai ƙafata ta ji laka take zuwa." Na nace, ta gyara zama don ta faranta mini, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta ce in jira iri ya isa cira.

Ranar dashen na bi su Gwaggo gona. Yaya Sani ya ja mini kunne cewa idan wayar ta jiƙe, ni zai kai wa mai gyara. Don haka na tsaya a kan kunya, na miƙa hannu iya tsawonsa. Matan sun jeru cikin ruwa zuwa ƙwauri, sun sunkuya suna ja da baya, balbelu na bin sawunsu. Gwaggo tana can tsakiya, kuma ranar ta yi waƙa kamar ba ta taɓa ciwo ba. Har ni ta saka a ciki, mai tsoron matsattsaku.

Da muka koma gida na kunna mata. Amshin su Ladi, matan da ke kusa da ni, ya fito raɗau. Amma a duk inda ita ke rerawa, ƙarar injin ban ruwa ce ta cika wurin, muryarta can ƙasa kamar zare. Ta saurara ta ce, "Wannan ai su Ladi ne ke ihu. Baɗi sai ki shigo ruwan." Ba ta ga girbin shekarar ba. Rediyo bai faɗa ba, amma matan dashe sun cika gidanmu da faso a dugadugansu.

Yanzu idan na je gida lokacin dashe, nakan ga 'yan mata a cikin ruwa, kowacce da wayarta cuse a ɗankwali, tana jin abin da take so ita kaɗai. Gonakin sun fi na da kyau, amma sun yi tsit. Ɗaukar nan kuwa na yi ta ƙaura da ita daga waya zuwa waya, nakan kunna ta idan kewa ta dame ni. Matan suna nan suna amsa mata, ni kuma ina kasa kunne a tsakanin amshi da amshi.