Takalman Hagu na Baba

Babana ya yi ƙuruciyarsa yana bin layin dogo da ƙafa, daga tashar Kafanchan zuwa inda aka ce ya tsaya, guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana sauraron inda ya saki. Da ya yi ritaya sai ya koma gonar citta. Mutum ne mai tafiya, kuma mai magana ɗaya. A unguwarmu in gardamar iyakar gona ta tashi shi ake kira, ya taka wurin da ƙafarsa ya ce nan ne, magana ta mutu.

Ciwon suga ne ya fara kama shi, daga baya ya sauka ƙafa. Tafin ƙafarsa yakan ɗauki zafi kamar ya taka garwashi, idon sawu ya kumbura, ko zanin gado ya taɓa shi sai ya yi tsaki. Mama takan ajiye masa baho da ruwan randa ya tsoma ƙafafun, ya zauna yana ta cije baki. Likita ya ce sugan ne ke cin jijiyoyi, ya ƙara masa wata ƙwaya a kan ta sugan. Ƙwayar tana sa shi gyangyaɗi da rana tsaka, shi kuwa Baba ya tsani a gan shi yana gyangyaɗi.

Ana cikin haka wannan mutumin ya dawo daga Abuja. Ba zan kama sunansa ba, kuma ba don tausayi ba. A gidanmu Mai Kula muke ce masa, saboda wata 'yar kula shuɗiya da ba ya rabuwa da ita. Ɗan abokin aikin Baba ne, kuma da uban ya rasu Baba ne ya tsaya masa a matsayin uba ranar aurensa. A Abuja aikin wurin motsa jiki na masu hali ya yi, amma ya dawo mana da farar riga da tabarau, ya buɗe shago kusa da kasuwa, har wasu sun fara ce masa dokta bai hana su ba.

Ya zo gidanmu wata Asabar ya buɗe kular a gaban Baba. Wasu 'yan kwalabe ne da ba su kai ɗan yatsa ba, da farin gari a gindinsu, babu ko takarda a jikinsu. Ya ce sunan abin feftayid. Ya ce irin sinadarin da jikin mutum ke haɗawa da kansa ne, yana gyara jijiya yana sauke kumburi, a dama da ruwa a yi allura a fatar ciki. Duk wannan ban riƙe shi da shi ba. Abin da ya faɗa a ƙarshe ne na riƙe.

"Dadi, ka ajiye wannan kwayan asibiti, kemikal ne. Su biyu ba ya tafiya tare. Ka ba ni wata biyu kawai."

Ina zaune a wurin ina tsince shinkafa. Ni malamar firamare ce, kuma duk Kafanchan an san bakina ba ya shiru, amma ranar na yi shiru, don na ga yadda idon Baba ya yi haske. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Baba ya ajiye ƙwayoyin asibitin ya fara allurar. Kafin wata biyun su cika zafin ya ɗauke. Baba ya koma barci, Mama ta mayar da baho wurin wanki. A cocinmu, bayan an karɓi baiko, wato kuɗin sadaka, Fasto yakan buɗe lokacin shaida. Wanda ya riƙe makirfo a wannan lokacin ba a katse shi, kuma abin da ya faɗa a gaban Allah ya faɗa, mutane sun fi yarda da shi a kan rantsuwar kotu. Baba bai taɓa ba da shaida ba tun da nake. Ran nan ya tashi. Ya ba da labarin allurar, ya nuna Mai Kula ya ce ga ɗansa da Allah ya aiko, matan zumunta suka ɗauki waƙa suna buga tuluna, tsohon nan ya taka rawa, ya buga ƙafarsa ta hagu a siminti sau uku don kowa ya gani. Ni ma na yi guɗa. Mai Kula yana gefe yana ɗauka da waya.

Lokacin tonon citta ya zo, Baba ya koma gona. Wata tsohuwar ƙusa ta huda takalmin robarsa ta shige tafin ƙafar, ya wuni yana aiki a kanta bai sani ba. Sai bayan kwana uku Mama ta ji wari, ta cire masa safa. A asibiti likita ya ɗauki allura ya yi ta tsira masa a yatsu da dunduniya, Baba yana kallon silin yana tambaya ko an fara. Likitan ya ja ni waje ya ce mini zafin nan bai ɗauke don jijiyoyin sun warke ba, mutuwa suka yi, sugan kuma ya hau inda bai taɓa hawa ba. Na nuna masa kwalbar. Ya juya ta ya ce shi bai san abin da ke ciki ba tunda ba ta da suna, wataƙila abin da aka ce ne, wataƙila ba shi ba ne, amma babu mai hankalin da zai ce wa mai suga ya ajiye maganinsa. Da yatsu biyu aka fara. Bayan mako uku aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Mai Kula ya zo dubiya sau ɗaya da kwalin lemo, ya yi doguwar addu'a, ya ce aikin magabta ne. Akwai fulas na ruwan zafi kusa da hannuna, kuma Allah ya sani na yi tunaninsa. Baba ya kalle ni ya ce a bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban bar masa duka ba.

Wata biyar bayan haka, a ofishin malamai, wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta, ta ce gwaggonta ce ta turo mata wannan bidiyon daga Gwantu. Baba ne a ciki yana rawa, yana buga ƙafar da muka riga muka binne. A ƙasan hoton ga lambar Mai Kula. Ashe tun ranar yake yawo da shi a wayoyin mutane, kuma yankan bai sa ya daina ba. Na bar aji na hau mashin zuwa shagonsa, na ce ya goge.

"Anti, ai Dadi bai yi karya ba. Ranan ya warke, kowa ya gani. Abin da ya faru daga baya, wannan tsakanin shi da Allah."

Ƙanena ya ce a tara samari a ƙona shagon. Na hana, ba don kirki ba. Shago ana sake ginawa. Ni a inda ya ɗauki maganar Baba, a nan nake son ya mayar da ita, a gaban idanun da suka ga rawar. Rana dubu ta ɓarawo ce, na zauna ina jiran tawa.

Ta zo da aka karanta sunayen waɗanda za a zaɓa dattawan ikilisiya, har da nasa, don shi ya sayi sabon janareta. Lahadin ƙarshe kafin zaɓen na shirya. Na rubuta abin da zan faɗa a bayan littafin darasi, shafi huɗu, na haddace, babu kalma ɗaya ta Kirista a ciki. Na ɗauki takalmin Baba na hagu, baƙin nan na zuwa coci, na sa a jaka. Da safe Baba ya lura babu shi a ƙarƙashin gado inda yake ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ya tambaya. Mun ɓoye masa zancen bidiyon tun farko. Ranar zuciya ta ɗebe ni na nuna masa. Ya kalla sau biyu, ya ce wa Mama ta fito masa da kaftaninsa. Tun da aka yi yankan bai taka coci ba.

Da Fasto ya buɗe lokacin shaida na miƙe, sai na ji sandar Baba ta tare mini gwiwa. Shi ya tafi. Tsakanin bencinmu da gaba ba nisa, amma ya daɗe, ba a jin komai sai ƙwas-ƙwas na sandunan. Ya jingina da tebur, ya cire fil ɗin da aka naɗe ƙafar wandon da shi, ya ɗaga.

"Na zo in karɓi shaidata," in ji shi. "A nan na ce na warke. Ban warke ba, ƙafar ce ta mutu ban sani ba. Duk wanda ya ji bakina ya ajiye maganinsa, ya koma asibiti gobe. Ku gafarta mini."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai kama sunan kowa ba, kuma wannan ya ƙona mini rai. Amma ni ma na koyi ɗauka da waya. Na ɗauki Baba, na juya na ɗauki fuskar Mai Kula a bencin gaba yana neman inda zai sa ido, sannan na taka har gabansa na ciro takalmin na ɗora masa a cinya. Fasto ya duƙar da kai yana buɗe littafin waƙa. Kafin a yi addu'ar rufewa na tura bidiyon duk inda na san na farkon ya shiga. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da ban taɓa jin irinsa ba.

Bai ci zaɓen ba. Kular ta ɓace, yanzu cajar waya da kwalliyarta yake sayarwa a shagon. Ya zo gida ya durƙusa, Baba ya ɗora masa hannu a ka ya yafe. Mutane suka ce to magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Baba ya sa na ɗauki shatar keke mai ƙafa uku muka bi gidajen da ya ji an sayi allurar saboda shi, ɗaya bayan ɗaya, yana ba da haƙuri. Na ƙarshe a Fadan Kaje ne, gidan wani tsohon abokinsa da suka bi layin dogo tare, shi ma mai suga. Matarsa muka tarar a tsakar gida tana shanya citta. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta nuna mana sabon kabari a bayan rumbu. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce da 'ya'yansa suka hana shi ajiye maganinsa, cewa ya yi in dai Baba ne ya faɗa, ba ya bukatar tambayar kowa.

 Daga ranar, in aka zo kiransa rabon iyakar gona, ko da an ce za a kai shi a mota, sai ya ce a nemi wani, shi maganarsa ba abin dogara ba ce. Ƙafar kam, na iya haƙura da ita. Wannan ne na kasa.

Takalmi ba a sayar da shi ƙafa ɗaya. Duk Kirsimeti nakan saya wa Baba sabo, ya sa na dama, ni kuma in ɗauki na hagun in kai shagon Mai Kula da rana, lokacin da kasuwa ta cika, in ajiye masa a kan kantar shagon in juya. Fasto ya kira ni a kan haka sau biyu, na ce masa ina addu'a a kai, kuma wani lokacin ina yi. Bara da na kai na uku, ya bi ni har bakin ƙofa.

"Anti, don Allah, har yaushe?"

Na ce masa har ƙafar ta tsiro.