Mai Tulu a Lambun Tudu

Mijinyawa, mai kula da lambun tudun Boɗinga, ya kasa zama. Tun bayan jihadi fatake ke dasa itatuwan ƙasashensu a nan, rumman, lemu, dabino, amma bai taɓa ganin mai duba itace kamar matar nan ba. Siririya ce, da tulu a ka, tsagen fuskarta ba na nan ba ne, irin na kudu ne. Tana murza ganye tana sansanawa, tana waiwayen hanya. Da alama baiwa ce, ana jiran ruwan a gida.

Gaban wata 'yar kaɗanya mai bushewa ta tsaya.

"Baba, wa yak kawo wagga?"

"Wani falke, daga kudu."

Ta sauke tulun, ta juye mata ruwan duka. Ga ta can tana gangarawa, ta daina waiwaye.