Bakan Gizo a Kwalin Sabulu

Daminar da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, yayana ya kira ni, na baro wurin aiki na taho Gwarzo. Na iso, amma hankalina na can. Lokacin ina tsakiyar tsara wata na'ura da za a ɗaura wa babban madubin hangen taurari, aikinta ta rarraba hasken tauraro zuwa launukansa. Gilasan da na jera a kwamfuta sun ƙi daidaita: in shuɗi ya fito tar, ja ya yi dishi-dishi, in na gyara ja, shuɗi ya watse.

Sai in zauna gefen tabarmar Baba, in miƙe, in buɗe kwamfuta, a ɗauke wuta. Da hantsi in hau babur zuwa Kabo, shagon ɗan ƙanwar Inna mai wutar sola, in jona kwamfutar, in rage kaurin gilashi guda, in jira lissafi, in dawo fuska a murtuke.

Ran nan Baba ya ce, "Kai, wannan zirga-zirgar taka ta fi ciwon nan tayar mini da hankali. Me kake nema ne?"

Na fara bayani, na ga ba ya shiga. Sai na samo kwalin sabulu, na manna reza biyu baki da baki suka bar 'yar siririyar tsaga, na karkata gutsuren faifan sidi a ciki, na huda wurin leƙawa. Ni da yayana muka tallabo Baba zuwa tsakar gida, na juya tsagar wajen farin gajimare.

Ya daɗe yana leƙawa. "Bakan gizo a kwali! To waɗannan baƙaƙen zare-zaren fa? Datti ne?"

"A'a Baba, da su hasken ya taho. Kowane ɗaya alamar wani abu ne da ke cikin rana, har da ƙarfe."

"Ƙarfe a rana? Ikon Allah." Ya sake leƙawa, sannan ya ce in koma bakin aikina, yayana ya ishe shi jinya.

Na yi gardama sama-sama, amma kafin la'asar na haɗa jaka. A mota, tun ba mu kai Kano ba, na yanke shawarar sauya irin gilashin ɗungurungum. Aikin ya ja ni har kaka. Baba ya riga ni gamawa, ya warke, don da ƙafarsa ya je yankan dawa a gonarsa ta Kara.