Gora Huɗu a Jingar Garinmu

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano a motar haya, ni da wani abokin aikina da ya ce zai raka ni ya sayo kifi. Abin da ya tashe ni waya ce daga Baffa, yayan mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage a gidanmu na gado. Ya ce kogi ya cika maƙil, kuma jingar da ke tare ruwa a bayan unguwarmu ta fara yoyo. Niyyata in ɗauko shi ya zauna wurina har ruwa ya janye.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Da na yi ƙorafi, direba ya ce in je in tambayi gidan mai. Muna wuce Ringim ruwa ya fara bayyana dama da hagu, shinkafa ta nutse sai kanta ake gani. Gwiwata kuwa tana manne da buhun albasar wani bawan Allah har garin Malam Madori.

Garinmu yana gaba da Haɗeja, kuma ba zan kira sunansa ba saboda abin da zan faɗa. Rabin motar 'yan garin ne, zance kuma ɗaya ne: ciyaman ɗinmu. An ce injin haƙa da aka turo don gyaran jinga kwana ɗaya ya yi a bakin kogi, washegari aka gan shi a gonar shinkafar ciyaman. Tun daga nan ba wanda ya sake ganin mutumin. Mai albasa ya rantse an dakatar da shi. Wata hajiya ta ce ina, yana kwance a asibiti a ƙasar waje, 'yar ƙawarta ce ta faɗa mata. Wani malamin makaranta ya ce duk sharrin 'yan adawa ne, injin lalacewa ya yi. Ni ma ban yi shiru ba, na zuba nawa son raina, har na ce irinsu ne suka kashe mana gari.

A Haɗeja muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi mai yajin da ya sa ni hawaye. Abokina ya ga kifi banda jere a kasuwa, ya ce shi kam nan ya iso. Na hau babur ni kaɗai, inda hanya ta yanke kuma na shiga kwalekwale. Ciyawar kachala ta cinye hanyar ruwan da na sani tun ina yaro, mai tuƙi sai ratsawa yake da ƙyar yana tsaki.

Na isa gari bayan azahar a gajiye liƙis. A gindin darbejiyar ƙofar masallaci na tarar da majiya ƙarfi sun fi ashirin, kowa da waya a hannu, ana musun ko hoton injin da ke yawo na bana ne ko na bara. Na tsaya na saurara har ƙafata ta yi sanyi, sannan na wuce gida.

Baffa ba ya nan. A kan jinga na same shi, ya naɗe wando, yana cika buhu da ƙasa, shi da wasu tsofaffi uku. Na gaishe shi, na ce ya haɗa kayansa gobe mu tafi, tunda wanda ya kamata ya gyara wurin ya gudu da inji. Sai ya jawo wani buhu. Ya ba ni bakin buhu in riƙe, yana zuba ƙasa yana ba ni labarin da na ɗauka na sani.

Ya ce a da, kafin ruwan farko ya sauka, mai ganga kan zaga gari, a fito gayya. Akan auna jinga da gora, kowane gida da rabonsa, kuma rabon gado ne kamar gona. Mata su kawo kunu. Wanda ya ƙi fitowa ba a kai shi ƙara ko'ina, samari ne za su je su ciro ƙyauren gidansa su jingine a kasuwa, sai ya gama aikinsa ya je ya ɗauko abinsa kowa na kallo. Ya ce har mai gari an taɓa cire wa.

Na yi dariya, na ce ai da yanzu ne da ƙyauren ciyaman yana kasuwa. Baffa ya nuna inda ruwa ke tsattsafowa a ƙarƙashin ƙafata.

"Daga turken nan zuwa wancan, gora huɗu, rabon babanka ne. Tun da ya rasu nake yi maka. Bana bayana ya ƙi."

Wallahi kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa tambaya ba.

Kwana biyu na yi ina ɗaukar ƙasa. Hannuna ya yi bororo, ƙuguna ya riƙe. Na je gindin darbejiya na roƙi a taimaka, mutum biyu suka taso, sauran suka ce an ce injin yana hanya. Mun toshe gora huɗun nan tsaf. Baffa kuwa ya ƙi biyo ni, ya ce nasa rabon bai ƙarasa ba.

Na dawo Kano da la'asar, ko kifi ban saya ba. Har yau ban san gaskiyar zancen ciyaman ba, mai yiwuwa ya yi, mai yiwuwa bai yi ba. Abin da tafiyar nan ta sanar da ni shi ne ina da rabo a jinga, kuma na bar wa tsoho.

Shekaranjiya da safe Baffa ya kira ni daga makarantar firamare, inda aka kwashe mutanen unguwa. Jinga ta fashe a gaba kaɗan, a rabon wani gida da 'ya'yansa duk suke birni kamar ni. Ruwa ya ci ɗakin mahaifina. Shi ne ma ya ce kada in damu, rabonmu na jinga bai motsa ba.