Maɗin Bishiyar Malam Bara'u

Idan Fabrairu ya kusa ƙarewa, Malam Bara'u yana idar da sallar asuba zai zura takalmin roba ya fita bayan gidansa a unguwar Gorton, can ƙasar Turawa. Bishiya ɗaya ce a wurin, sikamo, dangin mapul mai ruwan zaƙi. Ya sauke bokitin da ya rataya, ya tace ruwan da ya ɗiga daga jikinta, ya ɗora a wuta a waje. Bokiti huɗu ne ke komawa kwalba ɗaya ta maɗi.

Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙin bas a Oxford Road, amma ni dai saboda bishiyar nan nake jinjina masa.

Ranar da ya fara jin ana tatsarta, adda ya ɗauka ya sassare ta, yadda suke yi wa bishiyar ƙaro yana yaro. Cikin Agusta kuwa, ba lokacin ruwanta ba! Ko ɗigo bai samu ba, sai raunin ya ruɓe, rassa suka fara bushewa. Maƙwabciyarsa Rachel ta ce za ta kira council, wato hukumar gari, kafin reshe ya faɗa mata kan rufi.

Matarsa Raki ta ce, "Malam, a kira masu zarto kawai. Maɗin da ba mu sha ba, ga rigima."

Ya ce, "Ni na ji mata ciwo, Raki. Ba zan ƙara mata da yanka ba."

Ya roƙi Rachel ta yi masa haƙuri, ya sa aka datse busassun rassan, ya yi ta tambayar masana. Shekara uku bai taɓa ta ba, har ɓawo ya rufe.

Malam, kai ne mai haƙurin da ya koyi huda rami ɗaya, ɗan ƙarami kamar bakin alƙalami. Kai ne ka kai wa Rachel kwalbar farko har ƙofa.

Bana 'yarsa Latifa ta kira daga unguwarsu ta Sparkhill: "Baba, ka ƙara rami mana. Duk unguwa na so su zuba a kan masa."

"Su sa sukari," in ji shi. "Rami ɗaya take iya ɗauka."

Mun gode, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma 'ya'yana, duk wanda ya ɓata abu da hannunsa, ya tsaya ya yi jinyarsa. Bishiyar tana nan, ta yi toho.