Gayyar da Na Haɗa Ta Ci Karatun Ɗalibina

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan mujalla. A shekarun da abin da zan ba da labari ya faru, ni saurayi ne ɗan birnin Kano, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, kaina cike da lissafi da kuma ganin cewa babu matsalar da ba ta da hanyar warwarewa in dai an zauna an yi tunani. Mahaifina ɗan kasuwa ne, a cikin ganuwa aka haife ni, ban taɓa riƙe fartanya ba sai a aikin gayyar share makaranta. A haka aka tura ni koyar da lissafi a wata sakandaren maza ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo. Ina da wanduna biyu masu guga da keke guda, ina kuma da baki. Malaman da na tarar suna kirana ɗan birni, ni kuwa a raina ina kallon su a matsayin waɗanda suka gaji suka sallama.

A lokacin jarrabawar canjin aji tana faɗowa ne a ƙarshen shekara, daidai kaka. Tun da ruwa ya ɗauke na fara ganin ajina yana ramewa. Yau in shiga in tarar da rabi, gobe in tarar da bencina sun fi mutane yawa. In na tambaya, amsar ɗaya ce: an tafi cirar gyaɗa, an tafi yankan dawa, baba ya ce a zo a ɗaure dami. Waɗanda suka zo kuma suna gyangyaɗi, faratansu cike da ƙasa. Na yi faɗa, na yi bulala, na yi wa'azi har muryata ta dishe. Sai in kwana ina shirya darasin bita, in zo in zuba shi a kan allo, washegari wasu fuskoki daban su bayyana su ce ba su san an yi ba, in koma farko. Na kai ƙara wurin shugaban makaranta, ya saurare ni yana jan carbi, ya ce haka kaka take a nan tun kafin a haife ni, in koyar da wanda ya zo in bar wa Allah sauran. Na fito ina huci, ina cewa a raina ai irin wannan sakacin ne ya bar mu a baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani ɗalibi guda a aji uku. Dogo ne, ya ɗan girmi 'yan ajin, ba ya son magana, amma in na sa lissafi a allo kafin in juyo ya gama. Maimaita ajin yake yi, domin bara bai zauna jarrabawa ba saboda wannan kakar dai. Dokar makarantar kuwa ita ce wanda ya faɗi sau biyu a aji ɗaya an sallame shi. Ya san haka, na san haka. Da na matsa masa da tambaya sai ya gaya mini mahaifinsa tsoho ne mai ciwon ƙafa, ƙannensa ƙanana ne, kuma gyaɗarsu da dawarsu suna can bayan gari babu mai taɓa su sai shi. Ya ce yana so ya ci gaba da karatu, amma ba zai iya barin abincin gidansu a gona ba. Na dafa kafaɗarsa na ce masa ya bar mini wannan, bana sai ya shiga aji huɗu ko ana ha-maza-ha-mata. Da bakina na yi wannan alƙawarin.

Dabarar da ta zo mini, wadda na ɗauka babu wanda ya taɓa tunaninta, ita ce gayya. Na ji ana cewa a ƙauye in aiki ya fi ƙarfin mutum sai ya gayyaci jama'a su taru su gama masa a yini guda. To ga ni da aji guda na samari majiya ƙarfi. Na lissafa cewa in muka taru muka faɗa wa gonar wannan yaro da ta wasu 'yan kaɗan da aiki ya danne, cikin 'yan kwanaki an gama, sauran makonnin kuma kowa ya zauna mu yi bita a tsanake. A takarda abin ya fita tsaf. Shugaban makaranta ya yi murmushi ya ce ba zai hana ni ba, amma in fara sanar da mai unguwa, domin ba a kwashe 'ya'yan mutane a kai su gona ba da saninsa ba.

Mai unguwa ya karɓe ni hannu biyu. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gajiya da baƙunta da mutanen birni, na zayyana masa shirina. Ya yaba ƙwarai, ya ce tunda aka kafa makarantar ba a taɓa kawo malami mai hankalina ba. Kaina ya kumbura. Sannan cikin ruwan sanyi ya ce tunda tasa gonar ce ke jikin makaranta, kuma ɗansa ma yana ajin, ai sai a fara da ita don sauran iyaye su ga da yardarsa ake yi. Na so in ce ba haka na tsara ba, amma yaya za ka ce a'a ga dattijon da ya gama yabonka, ga kuma ƙwaryar fura a gabanka? Na ce to.

Daga ranar abin ya fita daga hannuna. Mun cire gyaɗar mai unguwa, aka kawo tuwo da miyar kuka da fura da goro, yara suka ci suka yi nak. Kafin magariba labari ya zaga gari. Washegari ƙanin liman ya aiko, shi ma ɗansa yana ajin, kuma ba zai yiwu a yi wa mai unguwa a tsallake gidan liman ba. Bayansa sai wani attajirin hatsi da ya taɓa ba makaranta kwanon rufi, sai surukin wani malaminmu, sai wani dattijo daga wajen Beli da ya taka ƙafa ya zo da kansa ya zauna a ƙofar ajina har na amsa. Kowa da hujjarsa, kuma kowa ya girmi mahaifin yaron nan a idon gari. In na ce saura wane, sai a ce ai yana nan, za a kai gare shi, ba a fara hawa bishiya daga sama. Na ɗauki ƙaramin allo ina bin yaran da shi gona, wai in an huta a inuwa mu yi bita. Ranar farko iska ta kifar da shi. Rana ta biyu wani mai gona ya gayyato makaɗi don ƙara wa yara ƙarfi, ina rubuta lissafi ana kaɗa gangar noma a bayana, yaran suna kallon allo ƙafafunsu na rawa. Na tsaya da alli a hannu, takaici kamar in fashe da kuka.

Shi kuwa yaron da aka yi abin dominsa, kullum yana sahun gaba. Ni na kafa dokar cewa duk wanda bai fito gayyar wani ba, ba za a je tasa ba, don haka ba shi da damar fashi. Da can yakan yi wa gonarsu aiki da safe ko da yamma ya ɗan rage. Yanzu kuwa yinin duka yana gonar wasu, ya koma gida a gajiye. Sau biyu ya same ni bayan an tashi, yana sosa ƙeya, ya ce akwai maganar da yake so ya gaya mini game da babansa. Duka biyun na katse shi, na ce na sani, ya ƙara haƙuri layinsu na zuwa. A ganina ƙorafin jinkiri zai yi, ni kuma a lokacin kunnena ya cika da ƙorafi.

Da ƙyar na toshe kunne na ce gobe sai gonar su yaron, ko wa zai ji haushi. Na hau keke na tafi gidan da kaina don in sanar. Na tarar da tsohon a zaure a kan buzu, ƙafar a miƙe. Ya yi mini maraba, ya sa mini albarka har na ji kunya, sannan ya ce ya gode, amma a bar gonar tasa, shi da yaron za su lallaɓa. Na yi ta bayani, ya yi ta godiya, bai canza ba. Na fito raina a ɓace, ina cewa wannan wane irin taurin kai ne, an kawo maka taimako har gida ka ƙi. A hanya na haɗu da malamin Arabiyyarmu, ɗan asalin yankin, na zazzage masa. Ya dube ni ya tambaye ni ko a duk gonakin da muka je akwai inda muka tashi ba a ciyar da mu ba. Na ce babu. Ya ce to ita gayya haka take, mai gona ne ke ciyar da waɗanda suka zo, kuma a kaka kafin a kai sabon hatsi gida, rumbun irin su wannan tsoho a share yake. Ya ce in tsohon ya kira yara aji guda gonarsa suka tashi da yunwa, bayan an ga irin tuwon da aka tuƙa a gidan mai unguwa, abin da za a riƙa faɗa ke nan har jikokinsa. Ya ce da na tambaya tun farko, da an sa yara uku ko huɗu abokan ɗansa su je a matsayin taya aboki aiki, babu mai jin labari. Na gane abin da yaron yake ta son gaya mini ke nan.

Na ce to a yi hakan yanzu, amma ihu ne bayan hari. Jarrabawa ta ƙarato, shugaban makaranta ya hana fita gona gaba ɗaya, iyayen da aka gama wa aiki kuma suka tsare 'ya'yansu a gida wai su yi karatu. Ga ƙasa ta bushe ta yi tauri, gyaɗar da za a tumɓuke da hannu a da, yanzu sai an bi ta da fartanya ana tono, rabi na tsinkewa a ciki. Wani abin da ban taɓa kawowa a lissafina ba shi ne dabbobi. A al'adar wurin, in an kwashe amfanin gona sai a saki shanu da awaki su ci kara da harawa. Gayyata ta sa gonakin da ke kewaye da ta su yaron sun tashi da wuri, aka saki dabbobi da wuri, tasu ta rage ita kaɗai a tsaye. Ba laifin masu shanu ba ne, lokacinsu ne ya yi. Dole yaron ya tare a gonar, yana tono yana kora.

Ranar da aka fara jarrabawa ina tsaye a bakin aji ina duban hanya. Bai zo ba. Ranar lissafi ya shigo a makare, idanunsa jajur, ya zauna ya amsa tambayoyin farko daidai, sannan ya kifa kai a kan benci barci ya ɗauke shi. Na tashe shi, ya ɗan rubuta, ƙaninsa ya leƙo ta taga ya ce shanu sun shiga ta gefen rafi. Ya dube ni, ya ajiye biro ya fita. Sauran ajin ma ba su taɓuka abin kirki ba, domin makonnin bitar a gona muka cinye su, amma su suna da damar maimaitawa. Na roƙi shugaban makaranta har da durƙusawa, na ce laifina ne. Ya ce ya yarda laifina ne, amma takardun da yaron bai zauna ba sun fi waɗanda ya zauna yawa, kuma doka ba a hannunsa take ba. Aka sallame shi. 'Ya'yan masu tuwon gayya suka dawo aji a sabuwar shekara, bencinsa aka ba wani.

Shekaru sun shuɗe, an yi mini canjin wurin aiki, sai wata rana na sauka a tashar Rogo ina neman ɗan acaɓa. Wanda ya tsaya a gabana ya kashe babur ya sauko ya durƙusa yana gaishe ni da malam, ya tambayi iyali da mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Shi ne. A hanya ya gaya mini tsohon ya rasu, shi ke riƙe da gidan, ƙannensa biyu suna sakandare. Na tattaro ƙarfin hali na fara ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce in bar wannan maganar, haka Allah ya rubuta, kuma ya san alheri na nufa. Sai da ya sauke ni, yana juya babur, ya ce cikin raha gonar tana nan dai inda na san ta, har yanzu tana jiran layinta.

Ya yafe, amma ni maganar ba ta bar ni ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne. Abin da na koya shi ne, niyya mai kyau ba ta isa ba in mutum bai san wurin da yake tsaye ba, kuma taimakon da ba a tambayi mai shi ba yakan zame masa kaya. Ina kira ga matasan malamai da ake turawa ƙauyuka, musamman masu zafin kai irin nawa na da: lokacin bitar jarrabawa amana ce, kada ku yi gwajin dabara da shi. Kafin ku taɓa al'adar mutane ku nemi wanda ya san ta ya gaya muku abin da ke ƙarƙashinta. In kuma ɗalibi ya tsaya a gabanku yana sosa ƙeya ya ce yana da magana, ku ajiye allin ku saurare shi. Ni sau biyu aka ba ni wannan damar, duka biyun na ce na sani.